Shaukaran, sigu ko zaƙami: wane suna ya dace da gubar da Suƙrat ya sha?

Duk wanda ya zauna a ajin ƙarshe na lise, wato babbar makarantar sakandare, a Yamai ko a Tawa ya haddace jimla guda game da Suƙrat, wanda littattafan makaranta ke rubutawa Socrate: kotun birnin Atina ta same shi da laifin raina allolin gari da ɓata tarbiyyar samari, ta yanke masa hukuncin kisa, ya sha «ciguë» ya mutu a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da kimanin shekara 70 a duniya. Muddin da Faransanci ake darasin, kalmar ba ta hana kowa barci, domin ɗalibi zai rubuta ta a jarrabawa ya wuce ko da bai taɓa tambayar kansa ko mece ce ita ba. Wahalar takan fito ne ranar da aka bukaci a ba da labarin da Hausa, a shirin rediyo, ko a littafin karatu, ko a maƙalar da za a sa a intanet. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na shekara ta 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, masu fassara da masu rubuta littattafan makaranta za su riƙa cin karo da irin wannan tambaya a kai a kai. Ciguë tsiro ne mai guba, kuma ba ya cikin waɗanda manoma da makiyayanmu suka sani, saboda haka kakanninmu ba su raɗa masa suna ba. Ko dai marubuci ya ɗauko sunan wani tsiro mai guba na gida ya ɗora masa, ko kuma ya yi aro daga Faransanci, Ingilishi, Girkanci ko Larabci, kuma ba za a iya auna waɗannan hanyoyi ba sai an san tsiron kansa tukuna.

Masana tsirrai suna kiran sa Conium maculatum. Ɗan dangin karoti ne da farsil da seleri, irin waɗanda ake nomawa a lambunan bakin kogi a Yamai. Asalinsa Turai ne da Afirka ta Arewa da yammacin Asiya, kuma yana son wuri mai sanyi da danshi, wato bakin rafi da gefen hanya da kufai. Shekara biyu yake rayuwa. A ta farko ganye kawai yake shimfiɗawa a ƙasa, mai kama da na farsil ƙwarai, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa su tsinko shi su zuba a miya. A ta biyu sai ya miƙe kara har ya kai mita biyu ko ya zarce, ya fid da ƙananan furanni farare a tattare. Karan sumul yake ba gashi, cikinsa fanko ne, kuma yana da ɗige-ɗige ja masu duhu, musamman daga gindi, waɗanda su ne ma'anar maculatum a Latin. Idan aka murza ganyen a yatsu, wari yake yi irin na fitsarin ɓera.

Gubar da ke cikinsa sunanta koniyin, kuma tana da matsayi a tarihin kimiyya, domin ita ce ta farko a cikin ire-irenta da aka haɗa a ɗakin bincike, aikin da Bajamushe Albert Ladenburg ya yi a 1886. Abin da take yi shi ne tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai jiki ya riƙa mutuwa daga ƙafa zuwa sama har ya kai ga tsokar numfashi, alhali hankalin mutum yana nan tare da shi kusan har ƙarshe. Ba ta da makari. Abin da likita zai iya yi shi ne ya riƙe numfashin majinyaci da na'ura har jiki ya fid da ita. Wannan ya yi daidai da abin da Aflatun, almajirin Suƙrat, ya rubuta a littafinsa Fedon. Ma'aikacin kurkuku ya ce wa Suƙrat ya sha, ya yi ta zagaye har ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, sannan ya kwanta. Da ya kwanta, mutumin ya matsa masa ƙafa da ƙarfi ya tambaye shi ko ya ji, ya ce bai ji ba, ya matsa ƙwauri, haka dai yana hawa yana nuna wa almajirai yadda jikin ke sanyi yana sandarewa. Sanyin ya kusa kai wa mara sa'ad da Suƙrat ya yaye mayafi daga fuskarsa ya tuna wa abokinsa Kiriton cewa akwai zakara da allan warkarwa Askilefiyos ke bin su, kada a manta a biya. Duk sunan da za a zaɓa, dole ne ya bar wannan hoto yadda yake, wato dattijo mai cikakken hankali yana magana a natse har numfashinsa ya tsaya.

Da wannan ma'auni ne sunayen gida suke faɗuwa, duk da cewa su ne suka fi saurin zuwa baki. Na farkonsu zaƙami, wanda wasu ke ce wa haukata-yaro ko babba-jibji, tsiron nan mai farin fure dogo da ƴaƴa masu ƙaya da ke fitowa a juji da bayan gida. Kowa ya san shi, kuma abin da ke jan mai fassara gare shi ke nan. Sai dai zaƙami ɗan dangin gauta ne da taba, kuma aikinsa kishiyar na koniyin ne. Wanda ya sha shi bakinsa bushewa yake yi, ƙwayar idonsa ta buɗe, zuciyarsa ta yi ta bugu da sauri, ya shiga sambatu yana kama abin da babu, wani lokaci har ya tuɓe tufafinsa a bainar jama'a. Idan aka ce a rediyo Suƙrat ya sha zaƙami, mai saurare a unguwar Wadata ta Yamai ko a Tawa zai hango tsoho yana tangaɗi yana shirme, sai kuma a ce masa wannan tsohon ya yi wa almajiransa wasiyya a natse. Labarin ya rushe ke nan, kuma darasin falsafar da ake son a koyar ya tafi tare da shi. Akwai kuma illa ta fannin lafiya, domin alamomin gubobin biyu da yadda ake jinyarsu ba ɗaya ba ne, kuma littafin makaranta da ya haɗa su a suna guda zai ruɗa ɗalibin da gobe zai zama malamin asibiti.

Gwaska ta fi zaƙami kusa, kuma ta fi shi yaudara. Itace ne na dazuzzukan kudu da a da ake jiƙa ɓawonsa a ba wanda ake zargi, musamman da maita, ya sha a gaban jama'a, in ya amayar an wanke shi, in ya mutu laifi ya tabbata. A nan ma akwai ƙwarya da hukuma da taron masu kallo, shi ya sa mutum zai ga kamar an sami daidai. Amma shan gwaska gwaji ne da ake yi domin a gano mai laifi, alhali Suƙrat an riga an gama shari'arsa, masu hukunci kimanin 500 sun jefa ƙuri'a, har ya yi kusan wata guda a kurkuku yana jiran ranar. Wanda ya kira abin da ya sha gwaska ya mai da kotun Atina wurin tsafi, ya kuma sa mai karatu ya ɗauka cewa da ya amayar da ya tsira. Kwankwani da tinya kuwa ba su ma shiga takara ba, domin dafin kibiya ake yi da su, kuma Hausa ta riga ta raba dafi, wanda ke shiga ta rauni ko cizo, da guba wadda ake ci ko a sha.

Saura aro, kuma wanda ya fi kusa da hannun ɗan Nijar shi ne na Faransanci. Kalmar ciguë daga Latin cicuta ta fito, sunan da Rumawa suke kiran wannan tsiro da shi. Saboda karan fanko ne, kalmar ta kuma ɗauki ma'anar sarewar makiyaya, har mawaƙi Virgile ya ambaci sarewa mai kara bakwai marasa tsawo ɗaya da wannan suna, kamar dai yadda yaran kiwo a ƙauyukanmu ke fafe kara su busa. Mutanen Italiya da Sifen da Fotugal sun riƙe cicuta yadda take, a Faransanci kuwa harafin t ya zube, sautin k na tsakiya ya koma g. Ɗigo biyun da ke saman harafin ƙarshe suna nuna cewa ana furta u ɗin ne, kuma gyaran rubutu na 1990 ya mai da su kan u, shi ya sa ake ganin cigüe a wasu sababbin littattafai.

Ƙarfin wannan kalma shi ne ɗaliban lise da na Jami'ar Abdou Moumouni sun riga sun san ta, kuma ita za su tarar a takardar jarrabawa. Rauninta kuwa ya fi haka yawa. Wasalin ƙarshenta babu shi a Hausa, don haka wani zai ce sigu, wani ya ce sigi, kuma «ya sha sigu» ba ta da nisa da sigari a kunnen mai sauraren rediyo. Ƴan uwanmu na Sakkwato da Katsina da Kano, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta Hausa a intanet, ba ta tuna musu da komai. Sannan a Faransanci kanta sunan tsirrai da yawa ne: grande ciguë ita ce ta Suƙrat, petite ciguë wani tsiro ne dabam mai suna Aethusa cynapium, ciguë vireuse kuma ita ce Cicuta virosa da ke fitowa a fadama. A nan akwai wani ƙulli da ya kamata malami ya sani. Sa'ad da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linné, ya tsara sunayen tsirrai a 1753, ya ba tsiron Suƙrat sunan Girkanci, Conium, ya ɗauki tsohon sunansa na Rumawa, Cicuta, ya ba na fadamar. To shi na fadama gubarsa a saiwa ta fi taruwa, kuma farfaɗiya mai tsanani take tayarwa, mutum ya yi ta jijjiga yana kumfar baki. Ɗalibin da ya bi asalin ciguë har ya kai ga cicuta, ya nemi wannan suna a littafin tsirrai, zai faɗa kan tsiron da ba shi ba ne, ya karanta mutuwar da ba ta yi kama da ta Fedon ba ko kaɗan.

Ta Ingilishi, hemlock, ba ta bukatar dogon bayani. Tsohuwar kalma ce da ta wuce shekara dubu a rubuce, kuma masu nazarin asalin kalmomi ba su daidaita kan tushenta ba. Ita ma ta haɗa tsiron Suƙrat da na fadama, ta kuma ƙara da wata babbar bishiyar katako ta Amurka da Kanada, mai suna Tsuga a kimiyyance, wadda ba ta da guba, an dai ba ta sunan ne don ana jin warin ganyenta ya yi kama da na tsiron. Abin da sigu ke yi wa mai karatu a Kano, shi hemlok ke yi wa mai karatu a Tawa, don haka musanya ɗaya da ɗaya ba ta warware komai ba.

Sunan Girkanci, koneyon, shi ne wanda mutanen Atina da kansu suke faɗa. Aristofan ya yi raha da shi a wani wasan kwaikwayo na shekara ta 405 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda aka kira shi hanyar lahira mai sanyi da ke daskarar da ƙwauri, wato tun kafin mutuwar Suƙrat jama'a sun san yadda yake aiki. Ɗan siyasa Teramen ya sha shi a 404. Janar Fosiyon ya sha shi a 318, kuma marubucin tarihi Fulutak ya ruwaito cewa gubar ta ƙare kafin a zo kansa, mai dakawar ya ce ba zai daka wata ba sai an ba shi dirakma 12, har sai da Fosiyon ya roƙi wani abokinsa ya biya. Wasu na danganta kalmar da abin da ke juyawa, saboda jirin da tsiron ke sawa, wasu kuma na ganin Girkawan ma aro ta suka yi daga mutanen da suka tarar a ƙasar. Siffarta ta Latin, wadda za mu rubuta koniyom, ita ce mafi tsabta a duk jerin, domin ba ta nufin tsiron fadama ko bishiyar katako, ɗaya ce a Yamai da Kano da Alƙahira, kuma tana tafiya da sunan gubar, koniyin. Wanda ke rubuta littafin kimiyyar halittu, ko takardar faɗakarwa ga likitocin dabbobi, wannan ya kamata ya ɗauka, tare da cikakken sunan Conium maculatum a karon farko. A cikin labari kuwa kalmar tana da warin ɗakin bincike, kuma mai ba da tarihi a rediyo zai ji ta tsaya masa a maƙogwaro.

Ta Larabci ita ce shaukaran, kuma ita na fi ba wa ƙarfi a rubutun falsafa da tarihi da adabi. Tsohuwa ce a littattafan likitancin Musulmi: Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo ta a cikin magungunan da ya bayyana, haka ma Ibn al-Baitar, ɗan Malaga da ya rasu a Dimashƙa a 1248 bayan ya tattara bayanin magunguna kimanin 1,400. Farisawa ma suna da ita, har «kofin shaukaran» ya zama salon magana a wurinsu game da ƙarshen Suƙrat. Dalilin farko na fifita ta shi ne ta zauna a bakin Bahaushe ba tare da an gyara mata ko harafi ɗaya ba, kuma wanda ya karanta ta a boko zai furta ta daidai da wanda ya karanta ta a ajami. Na biyu, ta hanyar da sunayen mutanen labarin suka iso mana ita ma ta biyo, domin malaman zaure sun san Suƙrat da Aflatun tun kafin a buɗe lise ta farko a ƙasar nan, kuma kalmar falsafa kanta ta wannan ƙofa ta shigo. Na uku, ba ta fifita wani ɓangare na iyaka a kan wani ba, tun da Larabci rumbun aro ne na Hausawa duka.

Ba a ce ba ta da aibi ba. Mai saurare bai san ta ba, sai an bayyana masa, amma wannan gaskiya ne game da sigu ma da zarar an fita harabar lise. A Larabcin zamani akan kira tsiron fadama shaukaran na ruwa, wato ita ma ba ta kuɓuta daga haɗa dangi ba, sai dai da yake sabuwa ce a Hausa muna da damar tsayar da ita kan tsiro guda tun daga farko, abin da ba za mu iya yi da ciguë ba a wurin wanda ya riga ya karanta ta da ma'anoni uku. Babban haɗarinta shi ne ƴar uwarta saikaran, wadda masu nazari ke danganta su biyun da wata tsohuwar kalmar Suryaniyanci, shakrona, sunan wani tsiro mai sa maye. Saikaran shi ne Hyoscyamus, ɗan dangin zaƙami, kuma wani irinsa yana fitowa a Sahara. Shi ne aka zuba a dabino aka ba ragowar mutanen ayarin Kanar Flatters na Faransa a hamadar kudancin Aljeriya a 1881, suka fita hayyacinsu. Ƴar tazarar da ke tsakanin shau da sai a farkon kalma ita ce ta raba mutuwar natsuwa da ta hauka, don haka mai gyaran rubutu ya sa ido sosai a nan.

Wasu za su so a ƙirƙiro suna mai bayyana kansa, misali farsil mai guba ko karotin guba. A matsayin bayani na karon farko wannan yana da amfani, amma a matsayin suna ba na goyon bayansa, domin idan ya yawaita a rediyo ba abin mamaki ba ne uwargida ta fara ɗari-ɗari da ƙullin farsil ɗin da take saye a kasuwa, alhali mai lambu bai yi laifin komai ba.

Akwai wuri guda da duk waɗannan sunaye ba su da aiki, wato fassarar rubutun Aflatun kansa. A Fedon bai ambaci koneyon ba, abin da yake ta maimaitawa shi ne farmakon, kalmar da ta haifi farmasi, kuma a Girkanci tana nufin abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa duka. Masu fassara zuwa Faransanci sukan tilasta wa kansu zaɓi tsakanin remède da poison, Hausa kuwa ba ta da wannan damuwa, domin magani yana ɗaukar ma'anonin biyu, kamar a maganin zazzaɓi da maganin ɓera, ko a ce an sa wa wane magani a abinci. Mutumin da maganarsa ta ƙarshe bashin zakara ce ga allan warkarwa, idan aka rubuta cewa ya karɓi maganin ya shanye, an bar wa mai karatu duk abin da Aflatun ya bar wa nasa. Shaukaran sai ta koma bayanin malami a gefen shafi.

A sauran rubutu, jimla guda ta isa ta gabatar da kalmar: shaukaran, wani tsiro mai guba na ƙasashen sanyi, ɗan dangin karoti, wanda Faransawa ke kira ciguë. Ambaton sunan Faransancin sau ɗaya yana haɗa ɗalibi da takardar jarrabawarsa, bayan haka ba a sake bukatarsa. Da yake kalmar da n ta ƙare, ta fi dacewa da jinsin namiji, a ce shaukaran ne, ya tsiro, shaukaran ɗin da aka daka, kuma kada a ɗauki n ɗin a matsayin ta mallaka har a yanke ta a ce shaukara. Idan abin shan ake nufi sai a ce ruwan shaukaran ko gubar shaukaran, idan kuma bukatar ambaton Cicuta virosa ta taso a darasin tsirrai, a kira shi shaukaran na fadama a biyo da sunansa na Latin.